Ranar da Na Taka wa Malam Baya

Ni ce nake taka wa Malam baya. Tun muna Ikko haka muke: ya dawo daga ofis, ya yi la'asar, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta rub da ciki, ni kuma in dafa bango in hau. Daga ƙugu nake farawa, in bi a hankali har tsakanin kafaɗu, ƙasusuwan suna ƙas-ƙas, shi yana cewa, "Yauwa, nan, ƙara kaɗan." Haka na tashi na ga innata tana yi wa babanmu a Zariya idan ya dawo daga gona. Ba wanda ya taɓa ce mini abin yana da aibu. Ni ma kuma, ba yabon kai ba, na iya. Malam yakan ce ƙafata ta fi duk wani man zafi da ake sayarwa a kemis.

Malam mijina ne, ma'aikacin rajista, wato ɗakin da ake ajiye fayilolin ma'aikatarsu. Da gwamnati ta tashi daga Ikko ta dawo Abuja, manya jirgi suka hau. Malam da abokan aikinsa su ne suka ɗaure fayiloli da igiya, suka loda a tirela, suka sauke, suka hau da su bene hawa uku a ginin da ko fenti bai gama bushewa ba. Aka ba mu ɗaki biyu a Nyanya, cikin kwatas ɗin ƙananan ma'aikata. Abujar lokacin ba wannan da kuke gani ba ce. Jar ƙasa ce da ciyawa da katafila, titi mai faɗi ba mota a kai, ranar Juma'a da yamma kuwa gari ya watse, kowa ya gudu wajen iyalinsa. Ni na ƙi zama a Zariya. Na ce inda fayil ya je nan Malam zai je, inda Malam ya je nan zan je.

To a shekararmu ta biyu bayansa ya fara ciwo, ciwon da bai yi kama da na da ba. Wa zai yi mamaki? Duk wanda ya ɗauki fayilolin nan yana dafe da ƙugu. Ogansa ma ya ce masa ya sha ƙwaya ya huta. Ni kuma na ƙara himma. Da sau biyu a mako nake taka masa, sai na koma kullum.

A bayan kwatas ɗinmu, idan ka ƙetare rafi, akwai ƙauyen mutanen da muka tarar a wurin. Mu muna ce musu Gwari, su suna ce wa kansu Gbagyi. Daga can wata dattijuwa take shigowa da tukwane, 'yar wajen Kwali ce, aure ya kawo ta. Mama muke ce mata. Ba ta ɗora kaya a ka, a kafaɗa take ɗauka cikin wata babbar ƙwarya, ta ɗan duƙa tana tafiya. Idan za ta sayar miki da tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa kusa da kunnenki ki ji amonta. Wadda ta tsage, ko ido bai gani ba, ta ce muryarta takan mutu. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wajenta, mace da namiji, mu kuwa matan kwatas muna kwaikwayonta a bayan idonta muna dariya. Allah ya yafe mana.

Wata rana ta kawo mini randar da na sa ta gina mini. Ana zafi, ƙofa a buɗe, ta tarar da ni tsaye a kan bayan Malam, shi kuma yana nishi yana cije leɓe. Da na fito baranda sai ta tare ni da tambaya.

"Madam, in mijin ka ya kwanta, ciwon yana tafiya?"

Na ce, "Ina! Kwanciyar ma ta fi tayar masa da shi. Da asuba sai na kama shi yake tashi."

Ta girgiza kai. "To wannan ba ciwon kaya ba ne. Ni tun ina ƙarami nake ɗaukar itace, nake ɗaukar doya. Ciwon kaya, in ka kwanta shi ma ya kwanta. Kar ka ƙara hawa bayan shi. Kai shi asibiti."

Ni kuma da bakina, wanda tun ina yarinya innata take cewa shi zai ja mini, na ce, "Mama, ki ji da tukwanenki. Mijin nawa ne ko naki?" Wallahi haka na ce mata. Ta dube ni, ta gyara wa randar zama a kan duwatsu uku, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Da na shiga ɗaki har labarin na ba Malam, muka yi dariya, wai mai tukwane ta zama likita.

Bayan mako uku abin ya faru. Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Kwana biyu kafin nan yana cewa ƙafafunsa sun yi nauyi, kuma yana jin kamar an ɗaure masa ƙirji da ɗamara. Ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Maman yara, zo ki taimaka." Na dafa bango na hau. Ƙugu lafiya. Na matsa sama, na ɗora dunduniyata a tsakiyar baya, ɗan ƙasa da kafaɗu, inda kullum yake cewa nan ne. Sai na ji wani abu ya lotsa a ƙarƙashin ƙafata. Ba ƙas ɗin da na saba ji ba ne, ya fi kama da ka taka busasshiyar ƙwarya a ƙarƙashin tabarma. Malam ya kwarma salati. Na diro. Sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ƙafafuna. Taɓa mini ƙafafuna." Na taɓa. Ya ce, "Na ce ki taɓa mana!"

Ihun da na yi shi ya tara kwatas. Maƙwabta suka cika ɗakin, wani ya ruga ya taro tasi. Maza huɗu suka zagaye shi, biyu za su kama hannu, biyu ƙafa, a naɗe shi a kujerar baya. Ni ina gefe ina ta "innalillahi", ban san ma me nake yi ba. Har sun sunkuya sai muka ji tsawa daga bakin ƙofa.

"Kai! Kar ku ɗaga shi! Ku bar shi yadda yake!"

Mama ce. Tana kan hanyar komawa gida ta ji ihun. Ta sauke ƙwaryarta, ta ture mazan nan kamar ita ta haife su, ta leƙa nan ta leƙa can, ta nuna ƙyauren banɗakinmu ta ce a ciro shi. Wani ya fara, "Haba Mama," ta ce, "Ciro!" Aka ciro. Ta sa aka ajiye ƙyauren a gefensa, ta jera mutum biyar, ta ce kowa ya zura hannu a ƙarƙashinsa, kai da ƙugu da ƙafa su tafi tare, kada wani ya riga wani. Haka aka mirgina shi a kan katakon a miƙe. Ta kwance ɗankwalina da zanin wata maƙwabciya ta ɗaure shi da su. Ta kori mai tasi, ta sa aka kira mai a-kori-kurar da yake kawo bulo. Ta zazzage busasshiyar ciyawar da take shimfiɗa wa tukwanenta, ta cusa a gefe da gefensa. Sannan ta hau baya ta riƙe kansa da hannu biyu, ta ce wa direba, "Ɗanyen tukunya ka ɗauka. In ka faɗa rami, ni da kai ne." Hanyar da ake yi a rabin awa sai da muka fi awa guda a kanta.

Likitan da ya karɓe mu Bayarabe ne da ya yi aiki a Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya ɗauko allura yana tsikarar Malam daga tafin ƙafa zuwa sama. "Ka ji? Nan fa? Nan fa?" Sai da ya kai wajen haƙarƙari Malam ya ce ya ji sosai. Ya ce ya motsa yatsun ƙafa. Muka zuba ido. Babban yatsan dama ya ɗan yi motsi, kaɗan ƙwarai, in ka ƙifta ido ba za ka gani ba. Likita ya ce, "Madalla. Muddin wannan yana motsi ba mu yanke ƙauna ba." Sannan ya tambaya me ya faru.

Na buɗe baki. Malam ya riga ni.

"Santsi ne ya kwashe ni a banɗaki, likita."

Ko kallona bai yi ba. Ni kuma na bar maganar ta tafi a haka.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini. Ƙasusuwan gadon baya jere suke, farare, ɗaya a kan ɗaya, sai guda a tsakiya da ya yi duhu ya lotse. Ya ce a bayan ƙasusuwan nan laka take wucewa, ita take kai saƙo daga kai zuwa ƙafa, kuma ƙashin da ya lotse yana danne ta. Ya tambaya wa ya sa aka kawo shi a kan katako. Na ce mai sayar mana da tukwane ce. Ya ce, "Ku je ku yi mata godiya. Da an naɗe shi a mota, mai yiwuwa da lakar ta tsinke, ita kuwa in ta tsinke ba ta haɗuwa." Ya sake duban hoton ya ce abin da bai gane ba shi ne, santsi ba ya yi wa lafiyayyen ƙashi haka.

Washegari Yaya ya iso daga Zariya, wan Malam, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ya zo da shawarar a kai shi wajen wani mai ɗori da ya sani, likita ya ce ko da wasa kada hannu ya taɓa bayan nan. Yaya ya tambayi yadda aka yi, Malam ya maimaita masa maganar santsi. Yaya ya yi ta faɗa da simintin gidajen zamani. Da zai fita masallaci ya tsaya a kaina ya ce, "Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri." Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu ban iya haɗiye abinci ba. Ga tsoron kada Malam ya ƙare rayuwarsa a kwance, ga wani tsoron a kansa: likita ya ce bai gane ba, ni kuwa na san abin da aka ɓoye masa. Idan ƙaryar nan ta sa ya yi maganin da ba shi ba fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safe na tare likita a baranda, nas tana biye da shi. Na ce ina da magana. Na faɗa masa komai, har da abin da Mama ta ce da abin da na mayar mata.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Madam, ba zan ce miki ƙafarki ba ta yi komai ba. Ta ƙarasa abin da aka riga aka fara. Amma ba ita ta haƙa ramin ba. Akwai wani abu a cikin ƙashin nan da ya daɗe yana cin sa, kamar yadda gara take cin azara ta bar bayan lafiya lau. Da ba ki hau ba, da atishawa ko ramin titi ya ƙarasa shi wata rana." Sannan ya ce, "Kin kyauta da kika faɗa. Yanzu hoton ya yi mini daidai da labarin. Je ki ci abinci." Na tsuguna a wurin na yi kukan da na riƙe tun ranar Asabar. Ban gaya wa Malam na yi maganar ba.

Sai ga wani abin dariya, in da ana dariya a irin wannan hali. Likita ya ce aikin da za a yi masa da injin da zai buƙata bayan aikin babu su a Abuja tukuna, sai Ikko. Gwamnati ta taso da teburanta da fayilolinta har da kwandunan shara, amma injin yana can inda muka baro shi. Ma'aikatarsu ta ba da motar asibiti, muka koma ta hanyar da muka zo. A Abaji muka tsaya na saya masa ayaba, ina ɓare masa ina sa masa a baki yana kwance yana kallon rufin mota. Ya ce, "Kin ga ni ma an mayar da ni fayil. A kai Abuja, a dawo da shi Ikko." Na ce ya yi shiru kada dariya ta girgiza masa baya.

A asibitin koyarwa aka yi masa aiki, aka ɗage abin da ya danne lakar, aka ciro 'yar tsokar da take cin ƙashin aka kai ɗakin gwaji. Likitar jini ce ta yi mana bayani, wata doguwar mata mai magana a hankali, wata nas 'yar Jos tana fassara mini. Sunan abin filasmasaitoma. Na sa aka rubuta mini a takarda, na yi ta maimaitawa har ya zauna a bakina, don na ce abin da ya kwantar mini da miji dole in san sunansa. Ta ce a cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne haɗa abin da jiki yake yaƙar cuta da shi. Wani lokaci guda a cikinsu takan ɓace hanya, ta yi ta hayayyafa a wuri ɗaya har ta zama ƙari, ƙarin kuma ya ci ƙashin da yake ciki. Dangin ciwon daji ne, ba ta ɓoye mana ba. Tambayar da ta rage ita ce, a wuri ɗaya yake ko ya bazu. In ɗaya ne, ana gasa shi da hasken inji, galibi kuma ya mutu a wurin. In ya bazu cikin ɓargo da sauran ƙasusuwa, to wata cuta ce mai suna mayeloma, hanyarta daban, kuma ta fi wuya.

Aka shiga nema. Aka ɗauki hoton kowane ƙashi a jikinsa, daga ƙoƙon kai har cinya. Aka huda ƙashin ƙugunsa aka zuƙo ɓargo, ranar ce kaɗai na ga hawaye a idon Malam. Aka ɗebi jini ba sau ɗaya ba. Aka ba ni jarka aka ce in tara fitsarinsa na yini da kwana cur, kada ɗigo ya zube, don akwai abin da cutar take zubarwa a ciki in ta bazu. Na riƙe jarkar nan kamar zinariya. Wata mai shara ta zo za ta ɗauke, na yi mata tsawar da sai da na bi ta na ba ta haƙuri.

Kwana goma sha ɗaya muka jira. Ranar da likitar ta zo da takardun, ta tsaya a ƙafar gado ta ɗaga yatsa guda. Ban jira fassara ba, na faɗi na yi sujada a kan simintin ɗakin, marasa lafiya suna kallona. Da na ɗago ta ce in zauna, ba ta gama ba. Ta ce wurin da aka gasa ba kasafai yake dawowa ba. Amma da yawa daga cikin masu irin wannan, bayan shekaru, cutar takan ɓullo a wani wuri ko ta bazu. Wasu kuma ba ta dawo musu har abada. Ba ta da hanyar sanin Malam a cikin waɗanne yake. Don haka gwajin jini da fitsari ya zama abokin zamansa har ƙarshen rayuwa, ko yana jin garau. Malam ya ce, "Ƙafafun fa?" Ta ce wannan sai dai lokaci, laka ba ta son gaggawa.

Mako biyar ana gashin, Litinin zuwa Juma'a. Ba wuta ba ce, ba ya jin komai lokacin da ake yi, minti kaɗan ne a cikin wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ba a barin kowa ya shiga. An zana masa layuka da tawada a baya don hasken ya riƙa sauka a wuri ɗaya kullum, aka ce kada ruwa ko sabulu su goge su. Idan ina goge masa jiki sai in zagaye wurin da tsumma. Fatar ta yi duhu, haɗiya ta yi masa wuya, ya rame, kunu kawai yake iya sha. Amma a mako na uku yatsun hagu suka motsa. Daga baya idon sawu. Ranar da ya ɗaga gwiwa da kansa, nas ɗin nan 'yar Jos ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ɗaki, aka zo aka yi mata faɗa.

Wata biyar muka yi kafin mu dawo Abuja. Ya dawo da abin ɗaure baya da sanduna biyu. Muka tarar maƙwabta sun karɓo ƙyauren daga asibiti sun jingine shi a baranda, ba wanda ya mayar, banɗakin labule kawai aka sa masa. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi yakan gwada tafiya, daga ƙofa zuwa randar Mama, daga randa zuwa bishiyar mangwaro, ni ina bayansa da hannuwa a buɗe. Sanda biyu ta koma ɗaya.

Ni dai ban jira shi ba. Kwana uku da dawowarmu na ƙetare rafi na je ƙauyen. Na same ta zaune a ƙasa tana murza yumɓu. Na durƙusa na ce, "Mama, na zo neman gafara. Kin gaya mini, na mayar miki da baƙar magana." Ko hannunta ba ta tsayar ba. Ta ce, "Ya taka?" Na ce, "Yana takawa da sanda." Ta ce, "To mene ne kuma? Tashi, za ka ɓata zanin ka." Na kai mata turmin atamfa da sabulu, ta karɓa, ta cika mini ƙwarya da doya ta ce in kai wa mara lafiya. Da zan ɗora a ka ta yi dariya ta ce mu Hausawa ba ma tausayin kawunanmu.

Da Malam ya yi ƙarfi ya ce sai ya je da ƙafarsa. Tafiyar minti goma sha biyar ce, muka yi ta a awa guda, da hutu uku. Mama ta taso ta zagaye shi tana duba shi sama da ƙasa. Sai ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa masa kafaɗa a hankali, ta kara kunne. Ta ce, "Yana da murya." Malam ya yi dariya har sai da ya dafa ni. Shekaru kaɗan bayan nan gari ya ci ƙauyen, aka tashe su aka kai su wani wuri, na tambaya na gaji ban sami inda ta koma ba. Randar tana nan. Mun yi ƙaura sau biyu, kowace ƙaura a cinyata take tafiya, an cusa mata ciyawa. Ba na yin sallah in shafa ban sa Mama a addu'a ba, ko da ban taɓa sanin addininta ba.

Gwaji kuwa ba mu taɓa fashi ba. Da farko duk wata uku, sannan wata shida, sannan shekara-shekara. Daga baya injin ma ya biyo mu Abuja, ba sai an je Ikko ba. Duk lokacin da ranar ta matso sai in rasa sukuni, in yi ta faɗa da kowa a gida a kan gishiri da tsintsiya, Malam ya ce wa yara, "Ku bar ta, jarka ce ta kusa." Akwai wani bawan Allah da muka riƙa haɗuwa da shi a bencin jira, nasa a haƙarƙari ya fara. A shekara ta huɗu nasa ya bazu. Mun je masa gaisuwa. Na Malam har yau shiru, kuma har yau likita bai ce mana an gama ba. Na daina jiran ya ce. Kowace takarda ta fito lafiya, mukan ce alhamdulillahi, mu tsaya a hanya mu sayi tsire.

Ban ƙara taka bayan kowa ba, kuma in na ji mace tana cewa maigidanta yana ciwon bayan da kwanciya ba ta kwantar da shi, sai na tsoma baki ko ba a tambaye ni ba. An sha ce mini in ji da nawa. Nakan ce na ji, amma dai a kai shi asibiti.

Sai wata ɗabi'a da ta kama ni tun daga tafiyar randa zuwa mangwaro: ba na iya jerawa da Malam. Ko'ina za mu, ina bayansa da taku uku. Yaya har ya rasu yana ba da misali da ni a cikin dangi, wai ga matar da zaman Ikko da Abuja bai cire mata kunya ba. Ni kuwa ba kunya ba ce. Ƙafafunsa nake kallo. Ina duba ko ta dama ta fara ja, ko dunduniyar hagu tana sauka daidai, ko takalmin yana gogar ƙasa. Shekara da shekaru ban san yadda titin da ke gabanmu yake ba.

Bara, ranar karɓar sakamako, mun fito daga asibiti da hantsi, takarda lafiya. Ya yi furfura yanzu, ya daɗe da yin ritaya, sandar ma ta tsufa ce ba ta ciwo ba. Muna tafiya zuwa inda ake shiga mota, sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Na ce, "Mene ne? Ƙafar ce?"

Ya juyo ya ce, "Maman yara, ba ki gaji ba?"

Na ce da me.

Ya ce, "Da gadin ƙafafun nan. Kin ɗauka ban sani ba? Ina jin idonki a dunduniyata tun muna Nyanya." Ya ce, "Likitan nan Bayarabe ya gaya mini kin je kin tona mana asiri, tun a ranar. Na yi shiru ne ina jiran ki kawo maganar da kanki, ke kuma da bakin nan naki, wannan kaɗai kika iya riƙewa. Ni na ce ki hau. Ke ma kin ji da kunnenki, ni na ce."

Na ce, "Amma ƙafata ce, Malam."

Ya ce, "Ƙafarki ce. Ita ce kuma ta bi ni Ikko, ta tsaya a bakin ƙofar ƙarfen nan mako biyar. Ni ban san wadda zan yi fushi da ita ba a ciki." Ya mayar da sandar hannun hagu, ya miƙo mini na dama, a gaban masu tasi da masu sayar da lemo, mu da ko a ɗaki ba ma haka in yara suna nan. "Zo nan gefena. In na faɗi kya ji."

Na je. Har muka kai mota ina kuka, kuma sau biyu kawai na saci kallon ƙasa.